Alamomin shafuka dubu huɗu: a zuba su a sabar rumbun bayanai ko a bar su a burauza?

Tambayar ta fito ne daga wani malamin tarihi a nan Sakkwato, mai duba aikin ɗaliban digiri na biyu. Ya ce ya fi shekara goma yana tara alamomin shafukan intanet, wato adiresoshin da mutum ke sa wa tauraro a burauza don ya dawo musu daga baya. Yanzu sun kai wajen dubu huɗu, wasu a Firefox na laftof, wasu a Chrome na kwamfutar ofis, wasu a waya. Ɗalibansa ma kowa da nasa tarin. Yana son a haɗa su duka a saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima, cikin manhajar rumbun bayanai irin MySQL ko PostgreSQL, burauzar kowa ta riƙa ɗauka daga can. Shin zai yiwu, kuma ta ina za a fara?

Allah ya gafarta Malam, zai yiwu. Sai dai abu biyu kuka haɗa a tambaya ɗaya, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne a samu kundi guda wanda kowa zai zuba abin da ya samo, kowa kuma ya iya bincikawa. Na biyu shi ne burauzar kowa ta zama madubin wannan kundin, abin da aka ƙara a nan ya bayyana can, abin da aka goge a nan ya gogu can. Na farkon aiki ne da ɗalibin kwamfuta mai natsuwa zai iya kammalawa. Na biyun shi ne inda mutane ke rasa abin da suka tara. Shawarata ita ce ku gina na farko, ku bar burauzar kowa ta ci gaba da zama aljihunsa. Zan faɗi dalili, amma bari mu fara da inda alamomin naku suke kwance a yanzu.

Waɗanda ke cikin Firefox tuni suna cikin rumbun bayanai mai tebura, ko da ba ku sani ba. Tun daga Firefox 3, wanda ya fito a 2008, burauzar na ajiye alamomi da tarihin shafukan da aka ziyarta a fayil ɗaya mai suna places.sqlite, wanda rumbun SQLite ne, wato ƙaramin rumbu da ke zaune a fayil ɗaya ba tare da saba ba. A ciki akwai tebur mai suna moz_places, inda kowane adireshi ke da layi ɗaya tak. Akwai kuma moz_bookmarks, inda kowace alama ke da layinta, tana nuna adireshin da take nufi ta hanyar lamba, tana kuma faɗin foldar da take ciki da matsayinta a jere. Folda ita ma layi ce a wannan tebur ɗin, nau'inta ne kawai ya bambanta: 1 alama, 2 folda, 3 layin rabewa. Ku riƙe wannan tsari a rai, domin shi za mu kwaikwaya.

Chrome bai bi wannan hanya ba. Nasa fayil ne mai suna Bookmarks, rubutu zalla a tsarin JSON, folda cikin folda kamar ƙwarya cikin masaki. Kuma akwai wani tarko a lissafin kwanan wata da ya kamata wanda zai yi muku aikin ya sani. Firefox na ƙirga lokaci da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970. Chrome ma da irin wannan ma'auni yake ƙirgawa, amma daga 1 ga Janairun 1601. Tsakaninsu daƙiƙa 11,644,473,600 ne, shekara 369. Wanda ya manta bai cire wannan ba zai ga alamar da kuka ajiye a 2023 ta koma ta shekarar 2392.

Babu ɗaya daga cikin burauzojin nan da ya san yadda ake magana da MySQL ko PostgreSQL kai tsaye, kuma babu wani saiti da za ku taɓa ya koya musu. PostgreSQL na sauraro a ƙofa mai lamba 5432, MySQL a 3306, kowanne da harshensa na kansa, ita kuwa burauza HTTP ta sani. Dole a sami ɗan tsakani: ƙaramar manhaja a kan sabar da za ta karɓi saƙo daga burauza, ta tabbatar da wanda ya aiko, sannan ita ta rubuta a rumbun. Wannan ba naƙasu ba ne, kariya ce. Ina roƙonku kada ku yarda wani ya buɗe ƙofar rumbun ga intanet baki ɗaya da sunan sauƙaƙawa. Akwai manhajojin ɓarayi da ba su da aiki dare da rana sai ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi biyu suna gwada kalmomin sirri.

Fitar da alamomin ba wuya. A Firefox da Chrome duka, idan kun danna Ctrl da Shift da O tare, shafin sarrafa alamomi zai buɗe, a nan akwai wurin fitar da su a fayil ɗin HTML. Tsarin wannan fayil gadon Netscape ne tun shekarun 1990, har yau sunan na nan a layinsa na farko, kuma kusan kowace burauza na karanta shi. Lokacin da ke cikinsa da daƙiƙa ake ƙirga shi daga 1970, don haka ya raba ku da rikicin da na ambata. Rubutunsa dai ba tsaftatacce ba ne, akwai alamomin da ake buɗewa ba a rufewa, saboda haka sai a karanta shi da manhaja mai haƙuri irin BeautifulSoup ta Python. Idan kuma an fi son a karanta places.sqlite ɗin kansa, a rufe Firefox tukuna, a kwafe fayil ɗin zuwa wani wuri, a yi aiki a kan kwafin. Kada a taɓa na asalin.

To, yaya za a shimfiɗa teburan? Nan ne zan daɗe, domin duk wanda na ga ya yi wannan aiki ya dawo yana gyara, a nan ya yi tuntuɓe.

Abin da ya fi zuwa wa mutum a rai shi ne tebur ɗaya: adireshi, take, folda, sunan mai shi. Zai yi aiki a makon farko. Amma ku ɗauka ku da ɗalibai biyar duk kun ajiye maƙala ɗaya kan 'Yan Taru, tsarin karantar da mata da Nana Asma'u ta kafa. A tebur ɗaya, adireshin zai fito sau shida. Ranar da shafin ya ƙaura, sai an bi wuri shida an gyara, kuma tabbas za a manta ɗaya. Wannan ita ce ainihin matsalar da Edgar Codd na kamfanin IBM ya yi magana a kanta a 1970, lokacin da ya kawo tsarin tebura masu alaƙa: kowace gaskiya a rubuta ta wuri ɗaya, sauran wurare su yi nuni gare ta.

Saboda haka a raba adireshi da alama. Teburin adiresoshi ya ƙunshi abin da ya shafi shafin shi kansa: adireshin, taken da shafin ya ba kansa, ranar da aka duba shi a ƙarshe, da ko yana raye. Teburin alamomi kuwa ya ƙunshi abin da ya shafi mutum da shafin: wa ya ajiye, yaushe, wane suna ya raɗa masa, da bayanin da ya rubuta a kai. Shafi ɗaya, alamomi shida. Nan take kun sami abin da babu burauzar da za ta ba ku, wato kuna iya tambayar rumbun: waɗanne shafuka ne mutum uku ko fiye suka ajiye ba tare da sun yi shawara ba? Amsar wannan tambayar ita ce jerin karatun da za ku miƙa wa ɗalibin da ya shigo bana. Ko ku tambaya: me ɗalibai suka samo a watan nan wanda ni ban da shi?

Gurbin bayanin da na ambata, kada ku raina shi. A ganina shi ne dukiyar kundin. Adireshi kowa na iya sake nemo shi. Amma layi biyu da kuka rubuta, cewa marubucin nan ya dogara ne da rahoton Turawan mulki bai duba majiyar Larabci ba, ko cewa kwafin nan ya ɓace shafi huɗu a tsakiya, wannan babu injin binciken da zai samar da shi. Ku malaman tarihi kun san darajar hashiya a gefen takarda fiye da ni. Da ni ne, sai na sa manhajar ta ƙi karɓar sabuwar alama har sai an rubuta ko da jimla ɗaya a kanta.

Sai batun folda. Folda na tilasta wa abu zama wuri ɗaya. Maƙalar 'Yan Taru ɗin nan, a ina za ta zauna? Tarihin mata? Ilimi? Adabin Fulfulde da na Hausa? Daular Usmaniyya? Duka huɗun gaskiya ne, kuma duk inda kuka sa ta, ɗalibin da ya nema a sauran ukun zai koma hannu rabbana. Magani shi ne laƙabi: tebur na uku mai ɗauke da sunayen laƙubba, da tebur na huɗu ɗan ƙarami wanda aikinsa kawai ya haɗa lambar alama da lambar laƙabi. Alama ɗaya ta ɗauki laƙabi goma idan ta cancanta. Firefox na da laƙabi tun asali kuma yana fitar da su a fayil ɗin HTML, Chrome ba shi da su. Ga na Chrome, sai a mayar da sunan kowace folda laƙabi a lokacin zubawa, ta haka wahalar da kuka sha wajen jera su ba ta tafi a banza ba. Idan kuma kun nace sai kun ga foldojinku yadda kuka saba, ana iya yi: kowace folda ta riƙe lambar uwarta, a bi reshen da tambaya mai farawa da WITH RECURSIVE a SQL, harshen da ake ba rumbu umarni da shi. PostgreSQL na da ita tun siga ta 8.4 a 2009, MySQL bai samu ba sai a siga ta 8.0 a 2018.

Laƙabi kuma yana son sarki, in ba haka ba ya watse. Wani zai rubuta Sakkwato, wani Sokoto. Wani Ɗanfodiyo, wani Dan Fodio, wani Ibn Fudi. Ku zaɓi rubutu ɗaya a matsayin na asali, a ƙara ɗan tebur na inkiya mai mayar da sauran gare shi. Wannan aikinku ne, Malam, ba na mai kwamfuta ba.

Yanzu harshenmu. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, babu su a tsarin latin1, wanda shi ne tsarin da MySQL ke ɗauka da kansa kafin siga ta 8.0. Idan aka kafa rumbun a haka, ko dai ya ƙi karɓar kalmar ƙasa, ko ya mayar da ƙ alamar tambaya, haka ma rubutun Larabci da ajami. A MySQL da ɗan'uwansa MariaDB a tabbatar an zaɓi utf8mb4, ba tsohon utf8 ɗinsu ba, wanda bai wuce bayit uku ga harafi ba, don haka yake shaƙewa da 'yan hotunan dariya da ake sa wa a taken shafuka. A PostgreSQL a kafa rumbun da UTF8, magana ta ƙare.

Adanawa ke nan. Bincike wata maganar ce dabam. Ɗalibi zai buga kasa a wayarsa yana nufin ƙasa, domin madanninsa ba shi da ƙugiya, kuma a wurin kwamfuta k da ƙ haruffa ne biyu da ba su haɗa komai ba. Ga kuma 'y da muke rubutawa a Nijeriya, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa ƴ, kuma ku da kuke maƙwabtaka da Ƙwanni da Maraɗi dole majiyoyinku su haɗa da nasu. Ga alamar hamza ita kanta, wato ' da ke cikin 'y, wadda ke zuwa a siffa uku ko fiye gwargwadon na'urar da aka buga ta da ita. Abin da nake yi shi ne in ƙara gurbi na musamman don bincike, inda ake zuba kwafin take da bayani bayan an mayar da ɓ zuwa b, ɗ zuwa d, ƙ zuwa k, ƴ zuwa y, an cire hamza, an mayar da manyan haruffa ƙanana. Kalmar da mai nema ya buga ita ma a bi da ita ta wannan matata. Rubutun asali na nan da ƙugiyoyinsa ba a taɓa ba, shi ake nuna wa mai karatu. A PostgreSQL umarnin translate na yin wannan a layi ɗaya. Injin bincikensa na cikin rubutu ba shi da ƙamus na Hausa, saboda haka sai a haɗa da pg_trgm, wanda ke yanka kalma zuwa gungu-gungu na haruffa uku yana kwatantawa. Da shi, wanda ya yi kuskuren harafi ɗaya ko biyu zai iya samun abin da yake nema.

Hamzar nan tana da wani haɗari kuma. A harshen SQL, wannan alamar ce ke buɗe rubutu ta rufe shi. Idan mai rubuta manhajar ya liƙa take kai tsaye cikin umarni, kalmomi irin jami'a da Asma'u da 'ya'ya za su karya umarnin tun ranar farko. Ta wannan ɓarakar ce kuma maɓarnata ke cusa nasu umarnin su kwashe ko su goge rumbu. Ku gaya masa ya riƙa miƙa bayanai dabam da umarni, kamar yadda kayan rubuta manhaja na zamani suka tanada. Ku gwada shi da kanku: ku ajiye alama mai take 'Ya'yan jami'a, ku gani ko za ta shiga lafiya.

Wani abu game da adiresoshi. Shafi ɗaya na iya zuwa da riguna da yawa. Wanda aka kwafo daga Facebook zai zo da jela mai farawa da fbclid, wanda ya fito daga wasiƙar talla zai zo da utm_source da 'yan'uwansa. A yanke waɗannan kafin a kwatanta, a mayar da sunan gidan shafin ƙananan haruffa. Amma abin da ya biyo bayan sunan gidan kada a taɓa girman haruffansa, domin a sabobi da yawa babban harafi da ƙarami a nan shafuka biyu ne. A ajiye adireshin asali a gefe ko da wankin ya yi yawa. Sannan tsawo: akwai adiresoshin da suka wuce haruffa dubu biyu, alhali fihirisar rumbu na da iyaka, bayit 3072 a MySQL na yanzu, wajen 2700 a PostgreSQL. Sai a lissafa hatimin SHA-256 na kowane adireshi, wato gajeriyar lamba mai wakiltarsa, wanda kullum bayit 32 ne, a ɗora dokar hana maimaici a kansa. Firefox ma da irin wannan dabara yake aiki, yana da gurbi mai suna url_hash.

MySQL ko PostgreSQL? Kowanne zai ɗauka. Ni PostgreSQL zan zaɓa saboda kayan binciken da na ambata, amma idan wanda zai kula muku da shi MariaDB ya iya, a bi abin da ya iya. Girma ba abin damuwa ba ne: alamomi dubu huɗu, ko kowace ta ci bayit 500, megabayit biyu ke nan, hoton waya ɗaya ya fi su nauyi. Gaskiya ma da ku kaɗai ne, da na ce ku bar maganar saba, SQLite ya ishe ku. Abin da ya sa saba ta dace shi ne mutane da yawa za su riƙa rubutu lokaci guda, kowa da iyakar abin da aka yarda ya taɓa.

Na yi alkawarin faɗin dalilin da ya sa nake hana ku daidaitawa ta ɓangare biyu. Kayan aikin na nan: burauza na ba 'yan manhajojin da ake maƙala mata damar jin duk lokacin da aka ƙara alama, aka goge, aka sauya suna ko aka matsar. Wahalar tana wurin yanke hukunci. Laftof ɗinku ya kwana uku babu netwok, kun goge wata alama a ciki. Ya dawo kan layi, ya tarar da ita a rumbu. Shin sabuwa ce da wani ya ƙara, a sauko da ita? Ko tsohuwa ce da kuka goge, a cire ta daga rumbu? Manhajar ba za ta sani ba, sai in an tanadi cewa ba a goge komai da gaske, sai dai a rubuta a gefensa cewa an goge shi ranar kaza. Ga kuma mutum biyu sun sauya sunan folda ɗaya. Ga kwamfutar da batirin agogonta ya mutu tana cewa yau shekarun baya ne, alhali dokarku ta ce gyara na ƙarshe shi ke da rinjaye.

Na taɓa rubuta irin wannan wa kaina da wasu abokan aiki uku. Ɗayanmu ya sake ɗora wa kwamfutarsa manhaja, burauzarsa ta tashi fayau babu alama ko ɗaya. Manhajata ta karanta hakan a matsayin ya goge komai, ta bi rumbu ta share, sannan ta bi burauzojin sauranmu ta share. Kwafin ajiya na daren da ya gabata ne ya cece mu, kuma abin da muka tara a yinin ya tafi. Tun daga ranar na koma hanya ɗaya: daga burauza zuwa rumbu. Mai son ya ga kundin a burauzarsa, manhajar ta fitar masa da fayil ɗin HTML ya shigar da hannunsa cikin folda ta dabam. Akwai ma dalili na biyu da ya shafe ku musamman. Ɗalibanku yawanci da waya suke aiki, Chrome na Android kuwa ba ya karɓar irin waɗannan 'yan manhajoji. Shafin bincike mai sauƙi da ke buɗuwa a kowace waya zai fi musu amfani.

Kafin a rubuta layi ɗaya ma, ku duba abin da wasu suka riga suka gina suka bayar kyauta. Akwai linkding, mara nauyi, yana karɓar fayil ɗin HTML, yana da laƙabi da gurbin bayani da asusun mutane da yawa, yana zuwa da SQLite amma ana iya haɗa shi da PostgreSQL. Akwai Linkwarden, wanda kan PostgreSQL yake zaune, yana kuma ajiye hoton shafin da kwafinsa na PDF. Idan daidaitawa ta ɓangare biyu ta zama dole, Nextcloud, ma'ajiyar intanet da mutum ke kafa wa kansa, da manhajarsa ta alamomi tare da Floccus, mai daidaita alamomin burauza da ita, sun shekara suna fama da matsalolin da na lissafa, gara nasu da sabon da za a fara yau, kuma Floccus na da manhajar Android. Abin da za ku rasa a waɗannan shi ne gyaran binciken Hausa da teburin inkiya. Sabar daidaitawa ta Firefox kuwa, ko da kun kafa taku, ba za ta biya buƙatarku ba, domin tun daga burauza ake kulle bayanan, abin da ke isa rumbun ba ya karantuwa balle a bincika.

Ina goyon bayan ku riƙe abinku a hannunku, domin zanen aro ba ya rufe katara. Ku dubi shafukan da suka riƙa ajiye wa mutane alamomi: Delicious, wanda Joshua Schachter ya kafa a 2003 kuma ya yaɗa amfani da laƙabi, Yahoo ya saye shi a 2005, ya yi ta sauya hannu har aka daskarar da shi a 2017. Xmarks ya rufe a watan Mayun 2018. Google Bookmarks ya rufe a ƙarshen Satumbar 2021. Pocket ya bi su a Yulin 2025. Kowanne akwai masu bincike da suka jingina aikin shekaru a kansa.

Amma fa alama adireshi ce kawai, ba shafin ba ne. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta fitar da rahoto a 2024 da ya nuna kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke akwai a 2013 ba sa buɗuwa bayan shekara goma. Tarinku ya kai wannan shekarun, don haka ku shirya ganin ɗaruruwa sun mutu. A sa ƙaramar manhaja ta riƙa zagayawa sau ɗaya a wata tana ƙwanƙwasa kowane adireshi a hankali, tana rubuta amsar da ta samu: 200 yana nan, 301 ya ƙaura, 404 ba a same shi ba, 410 an cire shi. Kada ta yanke wa shafi hukuncin mutuwa a karo ɗaya, domin 403 da 429 sau da yawa ƙin manhajar aka yi, shafin na nan, wani lokacin kuma netwok ɗinmu ne ya yanke. Sai ya faɗi sau uku a jere. Ko ya mutu ma kada a goge layinsa, bayaninku na jikinsa. A ƙara gurbi na adireshin kwafinsa a Wayback Machine na Internet Archive, ma'ajiyar kwafin shafukan intanet, kuma duk sabuwar alama a tura ta can a adana tun ranar da aka ajiye ta. Ɗalibin da zai kare kundinsa bayan shekara uku, mai jarrabawa ya nemi ganin majiya, wannan gurbin ne zai fitar da shi.

Kada a ce wa ɗalibai su zubo duk abin da ke burauzarsu. A cikin alamomin mutum akwai shafin bankinsa, da binciken rashin lafiyar da bai gaya wa kowa ba, da adiresoshin takardu waɗanda duk mai adireshin zai iya buɗewa. Kowa ya ware folda ɗaya ta aikin bincike, ita kaɗai za a karɓa. Naku ma ku tace kafin a zuba. A watsar da duk adireshin da bai fara da http ko https ba, musamman masu farawa da javascript, domin waɗannan umarni ne da ke iya aiki a burauzar wanda ya danna. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ma ta ɗora wa mai tara bayanan mutane alhakin tsare su, ga kuma amanar da ke tsakanin malami da ɗalibi.

Inda na'urar za ta zauna, hanya biyu ce. Ko a yi hayar ƙaramar saba a intanet, a sa mata HTTPS da takardar shaida ta Let's Encrypt wadda kyauta ce, a riƙa biyan haya wata-wata, sau da yawa da dala. Ko a ajiye ƙaramar kwamfuta a ofis a haɗa ta da wayifai, kowa ya bincika kundin ba tare da ya ƙona data ba, sai dai daga gida ba za a same ta ba sai an yi ƙarin shiri. Idan ta ofis kuka zaɓa, ku tuna zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu na haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga ɗauke wuta ba sallama. PostgreSQL na rubuta kowane canji a littafin ko-ta-kwana kafin ya taɓa tebur, don haka yana farfaɗowa bayan yankewar wuta, amma wannan ya dogara ne da faifan da ke ƙarƙashinsa. Katin memori irin na waya, wanda ake sa wa 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, yana saurin lalacewa a irin wannan hali. A sa faifan SSD, a jona na'urar da batiri ko sola, a ɗaga ta daga ƙasa inda iska ke ratsawa.

Kowane dare pg_dump, manhajar kwafi ta PostgreSQL, ya fitar da kwafin rumbun, kwafi ɗaya ya bar ginin, ko zuwa ma'ajiyar intanet ko a filashi a aljihunku. Sau ɗaya a zangon karatu a ɗauki kwafin a zuba shi a wata kwamfuta a ga ko yana tashi. A riƙa fitar da fayil ɗin HTML shi ma, domin ranar da ɗalibin da ya kafa muku sabar ya gama ya tafi bautar ƙasa, wannan fayil ɗin kowace burauza za ta buɗe muku shi.

A makon nan, ku fitar da fayilolin HTML daga Firefox da Chrome, na wayar kuma ku bari ya hau asusun burauzar ku fitar da shi ta kwamfuta, ku ajiye kwafi biyu na kowanne. Ku sa a kafa linkding a laftof ɗaya a zuba su, ku yi wata guda kuna aiki da shi ku da ɗalibai biyu, kuna rubuta duk abin da kuka nema ba ku samu ba. Da wannan takardar za a gane ko linkding ɗin ya wadatar, ko sai an gina teburan nan daga tushe. A cikin watan kuma ku zauna ku rubuta laƙubba talatin na farko da inkiyoyinsu, tunda su ko wace hanya aka bi za a buƙace su.